Inna, Zan Rushe Guɗɗiyarki

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan makwancinki na nan da yalwa da sanyi. Mu dai muna Gadarif inda kika bar mu, sai dai gwiwa ta fara gardama, gemun da kika bari baƙi kuma jikoki ke ja yanzu suna kirana mai auduga.

Kin san ni da dogon zance, amma yau ba ni da lokacinsa. Izini na zo nema. Ina so in rushe ɗakinki.

Kada ki juya mini baya tukuna, ki ji yadda aka yi. Masu tsara gari sun shigo hillarmu, unguwar nan tamu. Sun ce lungunanmu sun yi yawa, mota ba ta shiga, ko makara sai an karkata ta kafin ta wuce. Ban musa ba, da kafaɗata na ɗauki makararki ta lungun nan. Sun zo da hoton da aka ɗauka daga sama, da igiya, da jan fenti. Za a ja titi miƙaƙƙe daga bakin kori, rafin nan, har kasuwar hatsi. Titin zai cinye zaure, ya cinye rumbu da ɗakin surukarki Hauwa. Abin da ya rage mana ɗan yanki ne, daidai inda guɗɗiyarki, ɗakin ciyawar nan, take tsaye da jinkarta.

Muhandis ɗinsu, wato injiniyan, mutumin kirki ne, har gahawar jabana ya zauna ya sha. Ya ce, "Ya Hajj, duk mai ginin tubali a abin da ya rage masa, a wurinsa za a bar shi. Ciyawa kuwa ba ma ƙirga ta a gini." Ni da ko teku ban taɓa gani ba, ni ne Hajj. Na ce to a hoton naku me gidanmu ya yi kama da shi? Ya ce, "Maleesh, yi haƙuri, kamar tarin riɗi a gona." Na yi dariya, Inna, don ban san me zan yi da fuskata ba.

Masu ciyawa za a ba su fili can bakin hanyar Hawata, inda babu famfo, babu inuwa, babu wanda zai ji tarinka ya leƙo.

Kin tuna shekarar da riɗi ya yi kyau a Simsim, na dawo da lori cike da jan tubali ina hura hanci? Kika tare ƙofa da muciya a hannu. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ranar ma ba ki kira ba. Kika ce, "Kai wannan, wa ya ce maka mun iso? Kakanka tsayawa ya yi ya tara guzurin Makka. In ka kafa tubali, ka gaya wa Allah ke nan mun fasa." Masallaci ya samu tubali kyauta, liman ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina haɗiye yawu.

A ciwon ajalinki ma maganar ke nan. "Ka riƙa baibaye ta da sabon shuci, kada ka sa dutse a gidan nan." Ban saɓa ba. Maƙwabta suka yi ta gini, baƙar ƙasar garin nan tana tsaga musu bango duk rani, tsagar da hannu ke shiga har gwiwa. Nakan wuce in yi musu jaje ina dariya a ciki, don guɗɗiyarki ko ɗigo ba ta yi. Yau bangonsu mai tsaga shi ne gida, naki mai lafiya tarin riɗi.

Da ni kaɗai ne, wallahi da na naɗe tabarmata na bi lorin da zai kwashe masu ciyawa. Amma 'yarmu Asabe ta gudo daga garin Madani da yaranta tun da yaƙi ya kai can, mijinta har yau babu labari. Hauwa kuma ko buta ba ta ɗauka sai ta huta. Jiya ta dube ni ta ce, "Malam, Inna ta riga ta isa inda za ta. Mu ne za a zubar a daji, kai kana gadin ciyawa."

Lajna, kwamitin masu tsara garin, za ta dawo dubawa bayan damina, kuma kin san ƙasar nan, da ruwa ya taɓa ta ko jaki ba ya fitar da ƙafarsa, balle a haƙa tushe. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen Habasha. Na sayar da karo, amalanken nan nawa, da jakinsa, tubali na jibge a tsakar gida. Ban ma sani ba ko za su karɓi ɗakin da yaɓensa bai bushe ba. Ina iya rushe naki, in rasa nawa, in tashi babu ko ɗaya. Wannan shi ke hana ni cin abinci.

Usta mai gini ya zo ya auna. Ya ce doka ce kowace ƙofa ta dubi titi, titin kuwa yamma da mu yake. Ke da Baba gabas kuka fuskantar da kowace ƙofa a gidan nan, don ƙafar da ta fita da safe ta fara takawa wajen Makka. Tawa za ta dubi hanyar da Kaka ya baro. Na roƙi Usta ya bar mini taga ta gabas, ko kamar tafin hannu. Ya ce taga dai ba a hana ba.

Inna, ki yafe mini. In fushi za ki yi, ki yi da ni, ki bar Hauwa da yaran nan. In kina da magana ki zo mini a mafarki, zan saurara kamar yadda na saba, kaina a ƙasa. Amma ko kin zo, da safe sai na hau jinkar nan na kwance ta. Da hannuna zan yi, ba zan bar ɗan ƙwadago ya taɓa ta ba.

Allah Ya rubuta miki ladan aikin Hajjin da kika mutu da niyyarsa, ke da Baba da Kaka. Ya haskaka kabarinki. Ya riƙe ruwan nan a sama har mu rufe tushe.

Ɗanki na fari,
Haruna