Katin Inna a hannun mai POS

Auta,

Na fita kina barci. Jiya na nemi katin Inna zan ciro mata kuɗin magani, sai ta ce kin ba mai POS na bakin layi ajiya, har da lambar sirrin, wai don tana mantawa. Na same shi, ya ce katin yana gida, yana ta sosa ƙeya. Kuma wata guda ke nan saƙon banki bai shigo wayarta ba.

Kafin azahar ki karɓo katin, ki kai ta banki a duba abin da ya rage, a canza lamba. Kada ki ce mini ai mutumin kirki ne. Tabon sallah a goshi ba rasit ba ne.

Yayanki