Gangar Gurgu

Yerimaram, Potiskum

Zuwa ga Yaya Halliru,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Nuriyya da yara. Ya Kano, ya kasuwa?

Jikin Baba da sauƙi, haka muke gaya wa masu zuwa dubiya. Kai kam ba zan ɓoye maka ba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai furta komai ba, abinci sai da lallashi, barci kuwa babu. Hannunsa mai lafiya kullum yana bubbuga katifa. Inna ta ce tasbihi yake yi, amma ni na gane bugun. Kiɗan Turawan nan ne da yake sakawa a tirela zamanin yana kai shanu Kudu, wanda muke tsokanarsa da cewa gangar gurgu ce saboda ɗingishinta.

Na tono kaset ɗin a akwatinsa, zaren ya manne, rubutun ya goge. Don Allah ka bi masu tsofaffin faya-fayai a Sabon Gari. Ka dai tuna kwalinsa, mai hoton ƙofa tsaye a fili babu gida. Na kasa zama wuri ɗaya, Yaya, tsoro nake ji kada mu makara.

Ƙanwarka,
Sauda

Zuwa ga Yaya Halliru,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gajiyar yawon nema? Allah ya saka, direban da ka ba saƙo ya kawo faifan.

Ba mu da abin kunna shi, sai na hau keke na kai wa Babaji, mai tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa. Na dawo da murna na kara wa Baba a kunne. Ya ɗan saurara, sai ya juya fuskarsa bango, bugun hannun ma ya ƙaru. Ranar ko kunu bai sha ba.

Da na koma na titsiye Babaji, ashe gyaran gangar Abzinawa ya yi mini. Wai ya ji waƙa guda ta cinye rabin faifai, farkonta ƙugin iska da ƙarar ƙarfe, tsakiyarta shiru, sai ya ɗauka lalacewa ta yi. Ya yanke duk wannan, ya bar inda ake rera baiti kaɗai, har yana jiran in gode masa. Raina ya ɓaci sosai, sai dai ni ma da ni ce abin da zan yi ke nan. Na ce ya mayar da kayan mutane yadda ya same su.

Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Sauda

Zuwa ga Yaya Halliru,

Ina gaishe ka da kyau, Inna ma tana gaisuwa.

Babaji ya mayar da kiɗan cikakke. Jiya da hantsi na kunna wa Baba, na zauna na ji shi tun daga farko, abin da ban taɓa haƙurin yi ba. Iskar ta daɗe tana ƙugi kafin jita ta shigo tana kuka irin na goge. Gangar nan da muke wa dariya ashe ba ɗingishi take ba, takunta ne daban, in ka bi ta sai ka ji kamar mota mai kaya tana hawan tudu. Hannun Baba yana tafiya tare da ita, bai kuskure ko sau ɗaya ba.

Da aka zo wurin shirun na miƙa hannu in duba wayar, sai ya ɗaga mini yatsa, yadda yake mana muna yara in za mu yi surutu. Muka jira. Kiɗan ya dawo gaba ɗaya, na ji kunyar tsokanar da muka yi masa.

Waƙar ta ƙare. Ya dube ni, bakinsa ya yi ta kokawa, sannan ya ce, "Juya."

Kaset yake nufi, a juya masa ɗaya gefen kamar a tirela. Na kife wayar a kan katifa, na danna waƙa ta gaba ta ƙasa yadda ba zai gani ba. Kafin ta yi nisa barci ya ɗauke shi, hannun a kwance.

Yanzu ni ce na kasa zama, ina ta leƙa numfashinsa. Ka taho, Yaya, kada ka jira Sallah. Ɗaya gefen bai ji shi har ƙarshe ba, kuma na fi so ka zama kai ne za ka juya masa.

Ƙanwarka mai kewarka,
Sauda