Idon Mushe Marsal

Paris, Nuwamba 1961

Yaya Félicité,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Inna. Na iso lafiya, na kuma samu Mushe Marsal, wato Malam Marsal da Faransanci, Baturen nan da shekarun baya ya ga zanena a bangon majami'armu ya ce in biyo shi. Ashe gaskiya ya faɗa game da kansa. Tun yana saurayi yake rubutu kan zane a jarida, wanda ya yaba ya ɗaukaka, wanda ya kushe ya shiga uku.

Amma Yaya, ya makance. Da na shimfiɗa zanena gabansa sai ya shafa da yatsu, ya ce, "Ɗana, nan wane launi ne?" Jaridar ta sallame shi tun bara. Bai gaya mini ba sa'ad da ya kira ni.

Ƙanenki,
Barthélemy

Dogon Dutsi, Janairu 1962

Barthélemy,

Muna gaishe ka. Ka bar aikin koyarwa don makaho ya duba maka zane? An ba wani gurbinka a lakwal. Bangon majami'a ma an shafe shi da farar ƙasa saboda bikin Jamhuriya. Inna ba ta iya tashi yanzu, tari ya ci ƙarfinta. Ka komo gida.

Yayarka,
Félicité

Paris, Maris 1962

Yaya,

Ina gaisuwa, a yi wa Inna sannu. Ki yi haƙuri, ba ni iya barinsa. Duk masu zanen da ya fito da sunansu, babu mai leƙo shi. Ya yi mini shifta kan zanena, na rubuta, na zaga gidajen jarida da takardar. Wani ya ce mini, "Marsal? Yana da rai har yanzu?"

Da na komo ya tambaye ni, sai na ce an buga. Ya ce in karanta masa. Na ɗauki tsohuwar jarida ina motsa ta, ina maimaita maganarsa da ka. Ya yi ta kuka, ya ce, "To, ban mutu ba tukuna." Ni kuwa tun zuwana ban taɓa fenti ba.

Ku sa mu cikin addu'a.
Barthélemy

Dogon Dutsi, Mayu 1962

Barthélemy,

Gaisuwa. Wasiƙarka mai cewa Baturen ya rasu, kai kaɗai ka raka gawarsa, ta tarar da mu muna zaman makokin Inna. Har ta cika tana gaya wa masu zuwa dubiya cewa ɗanta ya fito a jaridar Turawa. Ni na gaya mata haka.

In za ka komo, ka komo. Ba sauran gaggawa.

Allah Ya kiyaye ka.
Félicité