Katantanwar da Kawu ya farfasa

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Inna? Ya yara? Ni lafiya lau nake, sai ɗan tarin nan, shi ma ƙurar wurin fasa dutse ce. Kada ki gaya wa Inna.

Na samu saƙonki, wai Kawu ya sa guduma ya farfasa dutsen nan mai kama da kunne da na aiko wa 'yarki, ya ce kunnen aljani ne a ciki, shi ya sa nake ramewa. Oh ni! Mutumin da ko rafi bai taɓa tsallakawa ba, yau shi ne masanin duwatsu?

Katantanwa ce da ta zama dutse, Yaya. Da hannuna na tsaga dutsen na gan ta a naɗe. Na nuna wa matar da ke zuwa auna mana duwatsu, ta ɗora gilashinta, ta ƙirga layukan bayanta, ta ce ta teku ce, tsaunin da muke fasawa a da ƙarƙashin ruwa yake. Wata uku ina lallaɓa ta a aljihu, don yarinyar ta roƙe ni abin da babu a littafin makarantarsu.

Ki share mata hawaye, ki ce ina neman wata. Allah ya yi mata albarka.

Kawu kuwa ki gaishe shi, tunda gaisuwa wajibi ce. Ki ce masa tsauni guda ya danne katantanwar nan tun kafin a haifi kakan kakansa bai fasa ta ba, shi ko kwana biyu bai iya riƙe ta ba.

Ƙaninki.