Leɓena da Muryar Sajo

Talata, 10 Yuli 1984
Kwana ashirin da cire mini haƙorin ƙurya a Maraɗi. Ramin ya rufe, amma leɓen ƙasa da rabin harshe kamar na wani. Lokotoro ya ce jijiya ce aka taɓa, in jira.

Lahadi, 22 Yuli
Na kira azahar, harafi ya maƙale, miyau ya zubo kan riga ban ji ba. Liman ya ce in huta. Shekara goma sha huɗu ina ladanin masallacinmu na Gidan Sori. Sajo aka ba ladancin, Bafulatanin da shanunsa suka ƙare, ya sauka bayan gari da iyalinsa.

Juma'a, 3 Agusta
An fita roƙon ruwa. Muryar Sajo har rijiyar gabas. Mutumin da ya saba kiran shanu, ba dole ba. Matata Habi ta tsaya da tulu a ka tana saurare. Na gani.

Alhamis, 16 Agusta
Na ciji harshe garin cin tuwo, sai da na ga jini. Gero ya bushe tsaye. Tiyar hatsin da unguwa ke haɗa wa ladan, bukkarsa aka kai. Ba hatsin ne ya dame ni ba. Labo maƙwabcina ne da ya ce bai taɓa sanin kiran salla na sa kuka ba.

Asabar, 15 Satumba
Sajo yana jan wani harafi inda ba a ja. Ban gaya masa ba. Ina jira wani ya lura, babu.

Laraba, 3 Oktoba
Ya zo dubiya da ɗan man shanu a ƙoƙo, na ƙarshe, in shafa. Ya ce, "Baffa Inusa, wurinka nake riƙe maka." Wuyansa duk ƙashi. Ban iya kallonsa ba.

Litinin, 29 Oktoba
Sati biyu leɓen na yi mini tsikari kamar tururuwa na bi. Jiya na je gona ni kaɗai, na gwada kira cikin karare. Ya fita sarai, tun daga farko har ƙarshe.

Yau Liman ya tambaye ni jiki, Sajo na gefe da ƙaramar ɗiyarsa a kafaɗa. Na ce da saura.

Bayan la'asar na ja shi gefe, na gyara masa harafin. Don kada a ce masallacinmu, ba don komai ba.