A Fara da Dantsena

Dogarawa, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Zahara'u,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiyar aiki, ina mai gidanki? Mu nan sai godiya. Liman ke rubutawa, ni ke faɗi.

Na ji majonku, shugaban ma'aikatan gidan likita, ya kafa takarda: ma'aikacin jinyar da bai karɓi lambar korona ba kafin ƙarshen wata, ya aje farar riga. An ce kin ƙi, kina tsoron a soka miki ki faɗi. Kin yi daidai. Shekara saba'in da ɗori allura ba ta taɓa fatata ba. Abin alheri ba ya zuwa da tilas. In sun kore ki, gero na nan.

Babanki, Takama

Dogarawa, ranar Alhamis

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa, kwana uku ke nan tuwo bai wuce mini ba. Direban motar Konni ya ce abokiyar aikinki Hawa'u ta rasu, numfashi ya gagare ta, kuma ke kika riƙe ta har ƙarshe. Ko yanzu wai kina aiki cikin ɗakin nan na masu tarin korona.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekarar agana, da masu lamba suka shigo gari, ni na ja ƙanena Attahiru muka faɗa rumbu, na toshe masa baki har motarsu ta tashi. Kin sha jin ina ba da labarin ana dariya. A nan nake tsayawa kullum. Kafin kaka agana ta ɗauke shi, fuskarsa ko innarmu ba ta gane ba. Yaran da aka tsaga wa dantse, ga su nan muna zaman majalisa tare.

Har gobe ban yarda da allurar nan ba, Zahara'u, tsoronta nake kamar ke. Amma ɗakin nan ya fi ba ni tsoro.

Laraba zan shigo motar safe. Ki kai ni gaban majo a fara da dantsena, ke za ki soka da hannunki. Ki zauna ki dube ni kwana uku. In na tashi lahiya, ki miƙa naki. In ban tashi ba, kin samu hujja, ba mai sake matsa miki.

Kada ki ce in zauna gida, na riga na biya kuɗin mota.

Allah ya tsare mini ke.

Babanki, Takama