Idon Hagu da 'Yar Ruwa

Auta tawa,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya karatunki?

Ni lafiya lau, sai dai idon hagu. Ina koya wa ɗalibaina duba ƙwan kifi, sai ruwan tafki ya fallatso mini a idon. Likita ya ga zare-zare farare, ya ce fumfuna ce, ya ba ni maganinta. Ashe kama kawai suka yi. Wannan wata ƙwayar cuta ce 'yar ruwa, maganin fumfuna ko gezau ba ya sa ta.

Yanzu komai lilo yake a hankali, kamar ina zaune a ƙasan kogi. Fitilun aji sun koma farin wata. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, kin zama kifi, sai mu riƙa watsa miki abinci!" Na yi dariya har da hawaye.

An canza magani. In bai ci ba, ƙila a cire idon. Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki dai turo mini hotonta, kusa-kusa, tana murmushi. Ina so idon ya gan ta da kansa tun yana nan.

Allah ya yi miki albarka.

Yayarki